Turaren da Ban Sa Miki a Jaka Ba

Assalamu alaikum, Saudatu.

Ina fata takardar nan ta same ki kun wuce Yawunde lafiya, jirgin ƙasa ya ɗauke ku, ɗanki Maigida yana barci a ƙirjinki. Allah ya tsare muku hanya, ya sauke ku Garwa cikin aminci, ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronsa. Kin ga na rubuta sunanki. Shekara ashirin da bakwai bakina bai iya faɗinsa a gaban mutane ba, don ke ce ta fari, amma biro ba ya jin kunya. Ki yi haƙuri da rubutun. A aji biyar na tsaya da makaranta, kuma hannuna ya fi sabawa da kasko.

Ranar wata Talata na gane, sati uku da suka wuce, bayan azahar. Ruwa yana sauka a kan kwano a hankali, irin ruwan nan namu na Duwala da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Kin tafi gidanku na Cité des Palmiers haɗa kayanku, kin bar mini ɗanki. Gwaggonki Dije, yayar babanki, tana nan. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa daga Ngaundere lokacin rasuwarsa, sai bayan na fita takaba ta samu ikon zuwa. Ta ce in miƙo mata mai sunan ƙanenta. Ta matsa da shi bakin ƙofa inda haske yake, ta shafa kumatunsa da babban yatsa, sai ta yi dariya.

"Ikon Allah! Garba ya dawo da kayansa."

Na ce, "Wane kaya, Yaya?"

"Wannan kaushin mana. Haka ya yi tun bai cika wata uku ba. Kumatu tukuna, sannan bayan gwiwa, sannan lanƙwasar hannu. Sai da innarmu ta ɗinka masa 'yan jakunkuna ta zura hannuwansa, don kada ya yage fuskarsa da susa. Da fatar ta lafa kuma ƙirji ya karɓa, yana numfashi kamar ɗan kyanwa. Babanmu ma haka yake. Au, bai taɓa gaya miki ba?"

Ta faɗa ne tana ɓantarar goro, ko a jikinta. Ni kuwa na zauna a kan tabarma ina kallon ruwan da ke bin bakin kwano yana ɗiga cikin bokiti, sai ɗakin ya yi mini nisa. Na ga kaina a wannan ɗakin dai, ina yarinya, ke kina kwance a cinyar babanki kina kuka, shi kuma ya lakato man kaɗanya yana shafa miki a bayan gwiwa. A lokacin babu komai a bayan gwiwarki, a fuska ƙurajen suke. Na ce masa, "Malam, ai ba nan ne ciwon ba." Ya ce, "Na sani," ya ci gaba da shafawa. Bayan wata biyu abin ya fito daidai wurin. Na ɗauka dace ne. Sai ranar Talatar nan na gane ya san hanyar da ciwon yake bi, domin ta jikinsa ya fara bi.

Na so in gaya miki da baki. Sau uku ina buɗe bakin, sai in ji na tambaye ki ko kin ci abinci. Shi ya sa na rubuta, na sa takardar a aljihun jakar Maigida, inda kika sa ran ganin kwalbar turarena. Ba mantuwa na yi ba. Ki karanta har ƙarshe.

Kin san kin yi ƙuraje kina jaririya, tabon yana nan a wuyanki. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda na yi da su. An haife ki da fata sumul. Kina wata biyu kumatunki suka bushe, suka yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, sannan suka yi duhu, suka fara tsattsafo ruwa. Kina goga fuskarki a kafaɗata, kina gogawa a zanin gado. Ni a zatona nono kike nema. Ashe ƙaiƙayi ne, kuma ba ki da bakin faɗa.

Abin da na fara yi shi ne wanka. Kin san zafin garin nan, gumi ba ya bushewa a jikin mutum, sai na ce datti ne. Sau huɗu a rana nake miki, da ruwan da ni kaina sai na cije leɓe kafin in tsoma hannu, da soso, da sabulun nan mai warin asibiti da ake cewa yana kashe ƙwayar cuta. In na gama in dirje ki da tawul, in barbaɗa hoda har ki koma kamar an tsoma ki a garin rogo. In na shafa fatarki na ji tana kama yatsa, sai in ji daɗi, wai kin fita fes. Ban san ɗan man da Allah ya sa a fatar nake wankewa ba, ina barinta a buɗe.

Ke kada ki yi haka. Wanka ɗaya a rana ya ishe shi, gajere, da ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda gwiwar hannunki za ta zauna a ciki ba ta ji komai ba. Tafin hannunki ne sosonsa. Sabulu kaɗan, marar ƙamshi, a inda ya ɓaci kawai. Ki dangwala masa tawul, kada ki goga, sannan ki shafa mai tun jikin bai gama bushewa ba. An ce iskar Garwa busasshiya ce, ba kamar tamu mai laima ba, don haka man ya zama a kusa da hannunki kullum, safe da yamma da duk lokacin da kika ga fatar ta yi fari. In ya yi gumi, tsumma mai laushi da ruwa zalla. Rigunan ulu da hulunan da aka kawo ranar suna, ki gode wa masu su ki ajiye a akwati. Auduga ce tasa. Ki riƙa yanke masa farce yana barci.

Sai turare.

Ba ki san Ya Falmata ba, ko da yake ta riga ni ganin fuskarki. Babarbariya ce, ɗakinta yana kallon namu a gidan nan na New Bell. Da na haife ki innata ta daɗe da rasuwa, babu gidan da zan koma wanka. Ita ta yi mini wankan jego kwana arba'in, ita ta dama mini kunun kanwa, ita ta fara ɗaura miki zani. Ita kuma ta koya mini sana'ar da na ci da ku. Ta nuna mini yadda ake soya farcen turare har ƙarninsa ya fita, yadda ake narka sukari sai ya yi kalar zuma kafin a zuba itacen, da cewa ba a zuba turaren ruwa sai an sauke tukunya. Ina iya tuna ta zaune a bakin ƙofa da la'asar, hayaƙi yana tashi daga kasko yana bi ta cikin hasken da ke shigowa, yana naɗewa yana warwarewa, ita kuma tana waƙa ƙasa-ƙasa da yarensu. Har masu bensikin suka san mu. In fasinja ya hau babur ya ce gidan masu turare, ba sa tambayar layi.

To 'yar mai turare fa? Na ce babu jaririyar da za ta fi tawa ƙamshi a unguwar nan. Duk rigar da za ki sa, duk zanin goyo, har kunzugu, sai na shimfiɗa a kan kabbasa, kwandon nan da muke kifewa a kan kasko, hayaƙi ya ratsa su. Ɗakin da kike kwana kuwa bai taɓa rabuwa da hayaƙi ba. Wata rana babanki ya dawo daga kasuwar Sandaga da man kaɗanya a ƙullin ganye, tsantsa, ya samo wajen wata mata 'yar arewa. Na shinshina na yamutsa fuska. Na narka shi na tsiyaya humra a ciki.

Ya ce, "Rakiya, da kin bar shi yadda yake."

Na ce, "'Yata ba za ta yi warin kaɗanya ba kamar jikar mai daka."

Washegari ya kawo wani ƙullin ya ɓoye a aljihun rigarsa, da shi yake shafa miki in na fita. Na kama shi sau ɗaya na yi masa dariya. Inda ya shafa nasa fatar takan lafa, inda na shafa nawa takan tashi, ni kuma ina gani ban gani ba.

Shi ya sa babu kwalba a jakarki. Na san abin kunya ne, 'yar mai turare ta sauka baƙon gari hannu wofi, matan gidan su shigo gaisuwa ba su ji komai a ɗakinta ba. Ki jure. Kada ƙamshi ya taɓa kayansa, kada hayaƙi ya zauna a ɗakinsa, ko na turare, ko na maganin sauro, ko na taba. Ki sa masa gidan sauro. Kayansa a ɗauraye su sosai har sabulu ya fita. Mansa ya zama tsantsa, kaɗanya ko basilin fari, babu ƙari. Ke ma in kin shafa humra, ba a ƙirji ba, ba a kafaɗar da yake ɗora kumatu ba. In wata ta ce ɗanki ba ya ƙamshi, ki ce kakarsa ce ta hana, kuma ita ke yin turaren.

Da wanka da turare suka kasa, mata suka fara shigowa da shawara. Wata dattijuwa a layinmu, Allah ya jiƙanta, ta ce nonona ne mai zafi. Ta sa na tatsa a murfin kwano, ta kamo tururuwa a jikin bango ta jefa ciki. Ta ce in ta fita da ƙafarta nono lafiya lau, in ta mutu nono ya ɓaci. Muka zagaye murfin mu biyar a tsakar gida. Tururuwar ta yi ta juyi, ta kai baki ta zame, ta sake kaiwa ta sake zamewa, sannan ta daina. Maƙwabciyarmu mai gasa kifi ta dafa ni ta ce, "Ashia, mami," wato sannu. Har yau in na rufe ido ina ganin ɗan baƙin nan yana juyi cikin fari. Ban tsaya na yi tunanin cewa ko a ruwan famfo aka jefa ta haka za ta nutse ba.

Na yaye ki kina wata uku. Na ɗaure ƙirjina da zani, nono yana jiƙa shi, kina jin ƙamshinsa kina kuka, ina ɗura miki madarar gwangwani da koko. Ƙurajen ba su tafi ko'ina ba. Zawo ya ƙaru a kansu, kika rame har awarwaron hannunki ya riƙa zamewa. Tun daga ranar nake ɗauke da cewa ni na cuce ki da jikina. Ko da kika girma kika yi kyau, kika gama makaranta, in na ga tabon wuyanki sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Kuma ranar tururuwar nan babanki yana tsakar gida yana alwala. Ya ji komai. Bai ce uffan ba.

Saudatu, kada ki bari kowa ya gwada nononki da komai. Ko uwar mijinki ce, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce to, sannan ki koma ɗaki ki ba ɗanki nono. Kada kuma ki bar cin ƙwai ko gyaɗa ko kifi don wata ta ce su ne suke fito masa. In kin ga wani abinci kamar yana tayar masa, likita za ki gaya wa, ba masu zuwa barka ba.

Mutum ɗaya ce ta faɗa mini gaskiya. Kwana biyu da yaye ki Ya Falmata ta shigo, ta same ni ina jera kayanki a kan kabbasa. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Rakiya, mayar da yarinyar nan kan nono tun bai ƙafe ba. Ki kuma kwashe kayan nan daga hayaƙi. Ni na koya miki turare, ban koya miki turara jariri ba. Sannan ki tambayi mijinki ko a danginsu akwai mai irin wannan. Ina jin yadda yake tari in ya dawo daga kasuwa."

Maganar ƙarshen ce ta ƙona ni. Abin da kunnena ya ji shi ne ta ce dangin mijina masu cuta ne. Da ma mata sun riga sun raɗa mini cewa ranar suna ta ɗaga ki ta ce, "Kai, wannan fata kamar ƙwai," ba ta ce tubarkalla ba. Sai na miƙe na ce, "Ya Falmata, bakinki ya taɓa mini 'ya, yanzu kuma kin koma kan mijina?"

Ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya ba ta lafiya," ta fita. Ba ta sake tako ɗakina ba. Cokalinta na juya turare, dogon nan mai baƙin kai da kika taso kina gani a hannuna, nata ne, ranar ta bar shi. Bayan shekara biyu suka tashi suka koma Logbaba. Sau biyu muka haɗu a wajen biki, sau biyun na kau da kai.

In ciwo ya daɗe a jikin ɗa, zuciyar uwa takan fara neman fuskar da za ta ɗora wa laifi. Za ki ji haka, don ke ma uwa ce. In kin ji, ki tashi ki shafa masa mai. Ba baki ba ne, ba ido ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, shi ma ba zai shafa wa kowa ba. Wadda ta faɗa miki magana mai ɗaci kuma, ki bar ta ta kwana a ranki kafin ki ba ta amsa.

Da a nan kurakuraina suka tsaya, da na ce ƙuruciya ce. Amma akwai na sati biyu da suka wuce, da furfurata. Kin tuna ranar da muka kai Maigida rigakafi, likitar nan 'yar siririya mai tabarau ta duba kumatunsa ta ce sunan abin ekzema. Ta tambaye ki ko a dangi akwai mai irinsa, ko mai asma, ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido. Kika ce, "Ni kaɗai ce, ina jaririya." Ta juyo gare ni ta ce, "Et du côté du grand-père, maman?" Wato ta wajen kakansa fa. Maganar Gwaggo Dije tana cikina, sati ɗaya kacal da jin ta. Na sunkuyar da kai na ce ban sani ba. Ta rubuta a karnensa, ɗan littafin nan na asibiti, ta rufe. A bensikin muna komawa gida na ji kamar babanki ne ya ara mini bakinsa. Shirun da nake jin haushinsa a kai, shi na yi.

Don haka karnen nan da ke jakarki bai cika ba. In kun je asibiti a Garwa, ki sa a ƙara. Ki ce kakansa na wajen uwa ya yi wannan ciwon fata yana jariri, daga baya ya yi asma, kuma mahaifin kakan ma haka. Ki ce ke ma kin yi. Ki kuma faɗi atishawar mijinki ta kowace safiya, wadda muke masa tsiya a kai muna cewa ya fi zakara tashin unguwa. Ita ma tana cikin abin da likitar ta tambaya.

Na riƙe bayaninta yadda kaina ya ɗauka. Ta ce babban abin da ke sa jariri ya fi kusa da wannan ciwo shi ne gado: in uwa ko uba ko na kusa da su suna da ɗaya daga cikin ukun nan, fatar ɗan takan zo da rauni, ba ta riƙe laima, komai ƙanƙanta yana shiga ya dame ta. Ta ce jaririn da fatarsa ke bushewa tun watannin farko a sa masa ido. Sauran abubuwan, sabulu mai ƙarfi, ruwan zafi, ƙamshi, hayaƙi, gumi, tufa mai kaushi, su ne masu tsokanarsa. Ta ce babu mai iya yin alkawarin hana shi fitowa, amma ana iya lallaɓa shi, kuma yara da yawa yana sakinsu in sun tasa. In ya fara zubar da ruwa, ko ya yi ɓawon rawaya, ko jiki ya yi zafi, a koma asibiti ranar, ba gobe ba. Man da ta rubuta a shafa yadda ta ce, kada tsoro ya hana. Man kasuwa marar suna da ake cewa yana goge ƙuraje cikin kwana uku kuwa, ko kyauta aka ba ki ki bar shi a inda yake. Ni kuma na ƙara da nawa: ki riƙa sauraron numfashinsa yana girma. Ba kowane yaro abin ke sauka wa a ƙirji ba, amma kin ji labarin gidanku.

Kada ki ƙi babanki a kan wannan. Na yi ta juya abin. Lokacin da aka zo neman aurena, babana ya tambayi manyan babanki ko akwai wata cuta a zuriya, suka ce babu. Shi kuma a lokacin ɗan dako ne a Sandaga, buhun albasa yake ɗauka a ka. Wa zai kira ɗan dako mai ciwon ƙirji? Ya saba ɓoyewa tun kafin ya san ni, har ɓoyon ya zama jikinsa. Baƙin tabon da ke bayan gwiwoyinsa ya ce mini na tsugunno ne a wajen dako. Tarinsa ya ce ƙurar buhu ce. Bayan maganar Gwaggo na buɗe akwatinsa, na laluba aljihun tsohuwar babbar rigarsa, na samu ɗan famfon nan da masu asma ke shaƙa, an naɗe shi a hankici. Shekara ashirin da takwas muna ɗaki ɗaya ban taɓa ganinsa ba. Kuma ƙirjin ne ya tafi da shi, mu muna cewa sanyin damina ne.

Shekaranjiya na kishingiɗa bayan azahar, barci ya ɗauke ni. Na ga Sandaga babu kowa, babu motoci, babu hayaniya, sai buhunan albasa jere har inda ido ya tsaya, ruwa yana sauka a kansu ba sa jiƙa. Yana zaune a kan ɗaya, ya naɗe wando har gwiwa, bai damu in gani ba. Akwai jariri a cinyarsa, ban gane ko ke ce ko Maigida ba. Na ce, "Malam, me ya sa ka bar ni da tururuwar nan?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Miƙo man, Rakiya." Na duba hannuna, ƙullin ganye ne, babu ƙamshin komai. Na miƙa masa. Sai na farka, ana kiran la'asar.

Ban gama jin haushinsa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Kuma babu sallar da ba na roƙa masa gafara. Su biyun suna zaune a raina, babu wanda ya kori wani. Abin da nake so ki ɗauka shi ne kada ki gaji shirunmu. Abin da ke jikinki da na mijinki ku faɗa wa juna, ku faɗa wa likita, ku faɗa wa yaron in ya girma, tun kafin wata ta kamo tururuwa ta jefa a nonon matarsa.

Ki yafe mini wata ukun nan kacal da na shayar da ke, da sauran watannin da ban ba ki ba. Ki gaishe da mijinki, ki ce na gode da haƙurinsa. Ki sumbaci Maigida a tafin ƙafa, ki ce matarsa ta New Bell tana nan tana jiransa, kada ya je ya yi mata kishiya cikin 'yan matan Garwa. Allah ya sanyaya masa fata, ya buɗe masa ƙirji, ya ba shi barci mai daɗi. Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya sa ki gama da duniya lafiya, ya jiƙan wanda ya riga mu. Ni ce innarki, Rakiya.

Wata mai sayen turare ta kwatanta mini gidan Ya Falmata a Logbaba, ta ce akwai mangwaro a ƙofar. Ta ce idonta ya yi rauni, amma tana nan da ranta, kuma da hanci take gane mai shigowa. Ni ba sai na faɗi sunana ba, haɗinta ne a jikina. Na wanke cokalinta na naɗe a tsumma, yana kan taga. Sau biyu na sa mayafi, ruwa ya sauko, na ce gobe.

Ban je ba tukuna.